Waifar tsohuwar Hayis ba ta share gilashi: laifin roba ne ko na hannu?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa direbobi da masu gyara. Ina neman shawara a kan waifar motata, Hayis ce ƙirar 1998 mai sitiyari a hagu tun daga kamfani, wadda nake jigilar fasinja da ita tsakanin Kano da Zariya. Tun da damina ta kankama nake fama da ita. In na kunna, ta ɓangaren direba tana hawa sama tana karkarwa da ƙara kamar ana jan kujera a kan siminti, amma in za ta sauko sai ta sauko lami lafiya, kuma tana barin wani zirin ruwa mai faɗin yatsu uku daidai saitin idona. Ta ɓangaren fasinja kuwa, in ta dawo ƙasa sai ta doki robar da ta kewaye gilashi, wani lokaci ma ta hau kanta ta kwanta. Daren Talata marka ta tare ni bayan na wuce Kwanar Ɗangora, fitilun tireloli suna tahowa suna tarwatsewa a cikin zirin ruwan nan, har sai da na gangara gefen titi na sa yaron mota ya fita da tsumma, fasinjoji suna ta salati. Sau biyu ina canza roba a cikin wata guda, ta ƙarshen ma doguwa na saya, inci 24 maimakon inci 20 da na tarar a jiki, da tunanin za ta fi share wuri mai faɗi, amma ba ta sake zani ba. Wani ya ce in lanƙwasa hannun waifar domin ya ƙara danna gilashi, ni kuma ina tsoron gyaran gangar Auzinawa.

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Wanda ya ba ka shawarar nan bai yi kuskure ba, domin haka muke yi a tasha kullum. Ka ɗaga hannun, ka riƙe shi a tsakiya, ka tanƙwara bakinsa ciki kaɗan, in ka sake shi za ka ji ya kama gilashi gam. Na yi wa tawa haka bara, kuma har damina ta wuce ban sake taɓa ta ba.

Oga Bakanike:
Baban Ummi, kada ka lanƙwasa komai tukuna. Abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne, kuma kowanne da maganinsa. Kafin in ce komai ina so ka amsa mini tambaya biyu. An taɓa cire hannuwan waifar a kwanakin nan, ko don canza gilashi ko don fenti? Sannan in ka kashe mota ka kama hannun kusa da gindinsa ka girgiza shi sama da ƙasa a kan gilashi, yana tsaye daram ko yana da lilo?

Baban Ummi:
Oga, ka tuna mini abin da na manta. Da bazara dutse ya fasa mini gilashi, aka sa wani, kuma da idona na ga mai sa gilashin ya kwance hannuwan biyu ya ajiye a ƙasa, ya mayar da su bayan ya gama. Da yake lokacin babu ruwa, ban gwada ba na biya shi na tafi. Na kuma girgiza su yanzu: na direba yana tsaye, na fasinja yana da lilo kamar faɗin yatsa biyu a bakin roba.

Oga Bakanike:
To, an zo wurin. Bari in fara da zaman hannun, domin shi ne mafi sauƙi kuma shi aka fi ɓatawa. Hannun waifa yana zaune ne a kan wani gajeren shaf, wato ɗan sandan ƙarfe mai juyawa, da ya fito daga jikin mota a ƙarƙashin gilashi. Kan shaf ɗin tsukakke ne daga sama, yana da ƙananan haƙora a kewaye, shi kuma gindin hannun ƙarfe ne mai laushi, saboda haka in an ɗaure noti sai haƙoran su nutse a cikinsa su riƙe shi. Babu wata alama a jikin shaf da ke tilasta wa hannun zama a wuri guda. Duk inda ka ɗora shi ka ɗaure, nan zai zauna. Wanda ya sa maka gilashi ya ɗora na fasinja ƙasa da inda ya kamata, shi ya sa yake dukan robar gilashi.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗaga murfin da ke kan notin, ka kwance notin da sifana 12 ko 14, gwargwadon wanda ke jikin motarka. Hannun ba zai fito nan take ba saboda tsukewar shaf ɗin. Ka ɗaga shi tsaye kamar za ka wanke gilashi, domin sifirin da ke ƙarƙashin hannun, mai danna shi a gilashi, ya daina matse gindin, sannan ka riƙa girgiza shi a hankali har ya saki. Kada ka sa sukudireba ka yi masa ƙwaƙwale kana jingine da gilashi, na ga wanda ya tsaga sabon gilashi ta haka. In hannuwan biyu sun fita, ka kunna waifar babu komai a kanta, ka bar ta ta yi zagaye biyu ko uku, ka kashe ta daga makunninta, ba daga makullin mota ba, ka jira injin ya koma mazauninsa ya tsaya da kansa. Wannan matakin shi ne wanda masu gaggawa suke tsallakewa, kuma in ba a yi shi ba duk saitin da za a yi a banza ne. Daga nan ka goge haƙoran shaf da burushin waya, ka ɗora hannun yadda bakin roba zai kwanta sama da robar gilashi da kamar yatsu biyu, ka ɗaure kaɗan, ka watsa ruwa, ka gwada. Ka duba ƙasa kada ta doki roba, ka duba sama kada ta direba ta doki ginshiƙin gefen gilashi. In ya yi daidai sai ka ƙarasa ɗaurewa, kana riƙe da hannun da ɗaya hannunka domin kada ƙarfin ɗaurin ya koma kan sandunan ciki. Noti ne ƙarami, ba a ɗaure shi kamar notin taya.

Ka kuma jera hannuwan biyu a ƙasa ka kwatanta su kafin ka mayar. A motoci da yawa ba tsawonsu ɗaya ba, ba lanƙwasarsu ɗaya ba, kuma mai sa gilashi yana iya musanya su bai sani ba.

Alhaji Tsohon Direba:
Allah Ya yi maka albarka, Bakanike. Ina ƙara abu ɗaya a kan maganar tazara. Gwajin da ake yi mota tana tsaye a gareji ba shi ne na hanya ba. In gilashi ya jiƙe sharkaf kuma ka sa waifa a saurinta na biyu, hannun yana zarce inda yake tsayawa a gwaji da ɗan kaɗan, musamman a motar da ta tsufa, wadda mahaɗanta suka saki. Saboda haka kada ka ce sai ta share har jikin ginshiƙi. Ka bar mata fili. Ni in zan cire hannu, sai na fara manna salatif a gilashi daidai inda roba take kwance, amma wannan dabara tana amfani ne in zaman farko daidai yake, naka kuwa an riga an ɓata shi. Ka duba ƙasan gilashin da kyau, wasu gilasan suna zuwa da 'yar alama ta ɗigo da ke nuna inda roba za ta kwanta.

Ɗan Tasha:
Duk na yarda da wannan, Oga, amma zaman hannu ba shi zai kawar da zirin ruwan da ke gaban idonsa ba. Zirin ruwa rashin danni ne, kuma motar 1998 sifirin ɗinta ya gaji. Ban ga abin da zai hana a tanƙwara ba, tunda ba kuɗi ake kashewa ba.

Oga Bakanike:
Ɗan Tasha, gaskiyarka ce cewa rashin danni ne, inda muka saɓa shi ne dalilinsa. Ƙarfin da ke danna roba a gilashi daga sifirin da ke ƙarƙashin hannun yake fitowa, kuma ƙarfi ne ƙayyadadde da ake rabawa a tsawon robar. Baban Ummi ya cire inci 20 ya sa inci 24, wato ƙarfin da aka tanada wa inci 20 yanzu inci 24 ne suke rabonsa, kowane inci ya rasa kashi ɗaya cikin shida na danninsa. Ga shi kuma doguwar roba tana kaiwa inda gilashin ya fi lanƙwasa, sai wani sashe ya taɓa wani ya tashi. Da kuɗinsa ya sayi rabin matsalar. Ya fara komawa inci 20 tukuna.

Abu na biyu shi ne gaɓar da hannun yake naɗewa in an ɗaga shi. A nan ƙurar hunturu take taruwa, ruwan wanki ya shiga, tsatsa ta kama, sai gaɓar ta ƙage. Sifirin yana ja da ƙarfinsa amma gaɓar ba ta bari ƙarfin ya isa gilashi. Ka ɗaga hannun ka sauke shi a hankali: in yana da lafiya za ka ji yana fizgar hannunka zuwa gilashi tun daga nesa, in kuwa ya ƙage za ka iya tsayar da shi a rabin hanya ya tsaya. Maganinsa ɗigon mai a gaɓar, a yi ta ɗagawa ana saukewa har ruwan tsatsa ya daina fitowa, sannan a goge sosai kada man ya taɓa roba. Cikin hannuwa goma da ake kawo mini da sunan sifirin ya mutu, mafi yawansu wannan ne kawai ciwonsu. Wanda ke da ɗan sikelin rataya yana iya maƙala shi a bakin hannun ya ja har roba ta fara barin gilashi, ya yi haka a hannu biyun. In na direba ya gaza na fasinja da nisa, to sifirin ne da gaske, sai a nemi wani hannun.

Tanƙwarar da kake yi tana ƙara miƙe sifirin kaɗan, shi ya sa kake jin ya kama, ban musa ba. Amma da hannu ake yin ta babu awo, kuma da wuya mutum ya tanƙwara ƙarfen nan bai murɗe shi ba. In ya murɗe, ka sayi karkarwa. In kuma danni ya yi yawa, roba tana kwanciya da cikinta maimakon ta tsaya da bakinta, injin ya wahala, ƙura kuma ta riƙa zana gilashi.

Baban Ummi:
Oga, na karɓi laifin doguwar roba. To, karkarwar fa? Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a hawa kawai take yi.

Oga Bakanike:
Wannan da ka faɗa shi ne shaidar cewa hannun a murɗe yake. Ka dubi robar waifa daga bakinta, za ka ga siririn leɓe ne a kan wani siririn wuya. An yi ta ne domin a ja ta, ba a tura ta ba. In hannu yana hawa, leɓen yana kwantawa baya yana bin sawu, in ya kai ƙarshe zai juyo sai leɓen ya kife ɗaya gefen. Wannan kifewar ba ta yiwuwa sai robar tana tsaye cak a kan gilashi. In hannun ya murɗe, leɓen yana zama a kwance gefe guda, saboda haka a tafiya ɗaya ana jan sa lafiya, a ɗaya tafiyar ana tura shi yana tirjiya yana tsalle, kamar mai tura tsintsiya da bakinta gaba. Da robar ce ta bushe da rana, da hawa da sauka duk za ta yi ƙara.

Ka kunna waifa, in ta kai tsakiyar tafiyarta ka kashe makullin mota domin ta tsaya a nan. Ka shimfiɗa kwali ko tsumma mai kauri a gilashi kafin ka zare robar, saboda hannun da babu roba in ya kuɓuce maka ya faɗo, gilashin ya tafi. Ka sauke bakin hannun a hankali ka duba shi daga gefe: faffaɗan ɓangarensa ya kamata ya kwanta daidai da fuskar gilashi, ba gefe ɗaya ya taɓa ɗaya ya tashi ba. In ka ga ya karkata, ka samu sifana mai daidaitawa guda biyu, ka naɗe ƙarfen da tsumma, ɗaya ta riƙe hannun a sama da gaɓa domin kada murɗar ta kai gindi, ɗaya ta kama kusa da baki, ka murɗa kaɗan ƙwarai ta yadda gefen da ya tashi zai sauko. Ka mayar da roba, ka watsa ruwa, ka gwada. In karkarwar ta bar hawa ta koma sauka, ka zarce, sai ka dawo da rabin abin da ka murɗa. Aikin haƙuri ne, yakan ɗauki gwaji uku ko huɗu.

Mai Wayarin:
Ni lilon hannun fasinja ne ya tsaya mini a rai, kuma ina ganin an wuce shi da sauri. Lilo iri biyu ne. Ka sa ido a kan notin yayin da wani yake girgiza hannun. In hannun yana motsi amma notin da shaf suna tsaye, to gindin hannun ne ya cinye, haƙoran sun share ƙarfen ciki. In kuwa shaf ɗin yana juyawa tare da hannun, lilon daga ciki yake, a sandunan da ke haɗa injin waifa da shaf biyun. Kowace mahaɗa tana da ɗan kofin roba mai tauri da yake zaune a kan dunƙulen ƙarfe, kuma a motar da ta haura shekara ashirin kofunan nan sukan cinye. In haka ne, ko sau goma Baban Ummi ya daidaita hannun, zai ci gaba da dukan ƙasa, domin nauyinsa yana zarcewa da shi. A irin waɗannan motoci marasa dogon baki, sandunan suna ɓoye a bayan ƙarfen gaba, isa gare su yana da ɗan wahala. Duk wanda zai sa hannu a wurin ya zare makulli ya sa a aljihu, domin injin waifa ƙarami ne a ido amma yana iya karya yatsa.

Akwai kuma wanda waifarsa take tsayawa duk inda aka kashe ta. Wannan ba aikin sifana ba ne, makunnin da ke cikin injin ne wanda ke mayar da ita mazauni, ko wayarsa. Kada a cire hannu a ce za a gyara shi da saiti.

Na Katsina Mai Bas:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, domin ta yi kama da wannan. Tawa Hayis ce ita ma, amma da sitiyari a dama ta shigo, aka juya shi hagu kafin in saya. Waifar tana share gaban fasinja tas har kusurwa, ni kuwa direba kusurwar sama ta hagu ba ta taɓa ta, kuma da yake ni dogo ne, a nan idona yake. In na ɗaga hannun hagu na ɗaure shi sama kaɗan kamar yadda Oga ya bayyana, zai kai wurin?

Alhaji Tsohon Direba:
Ba zai kai ba, ɗana. Motocin da aka ƙera domin ƙasashen da ke tuƙi a hannun hagu na titi, kamar Japan da Ingila, an dasa shaf ɗin waifarsu ne domin direban da ke zaune a dama: hannuwan suna kwanciya suna kallon hagu, su tashi su share zuwa ginshiƙin dama. Mu nan Nijeriya mun bar wannan tsarin tun ranar 2 ga Afrilu 1972, lokacin da aka koma tuƙi a hannun dama. Masu juya sitiyari sukan juya sitiyari da birki da kuloci, su bar waifa yadda take, domin juya ta yana nufin sabbin ramuka a ƙarfen gaba. Faɗin da hannu yake sharewa ba daga zamansa a kan shaf yake ba, daga tsawon ɗan ƙarfen da ke kan injin yake, kuma kusurwar da kake nema ba ta cikin da'irar da hannun yake zanawa gaba ɗaya. In ka ɗaga shi, abin da za ka samu shi ne roba kwance a tsakiyar ganinka, kusurwar kuma tana nan da ruwanta. Gyaran gaskiya shi ne a samo sanduna da shaf da hannuwa na mai sitiyarin hagu, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a haɗa fanabita da mai wayarin su dasa su. Ka fara tambayar kuɗin aikin kafin ka sayi kayan.

Baban Ummi:
Jama'a, ga bayanin abin da na tarar yau da safe, na ajiye lodin farko na yi aikin a ƙofar gida. Hannuwan ba a musanye suke ba. Gaɓar na direba kuwa a ƙage take kamar yadda Oga ya ce, har tana tsayawa a rabin hanya. Na ɗiga mata mai, ruwan da ya fito ja wur kamar na jan ƙasa, bayan nan sai da na riƙe hannun da kyau domin kada ya faɗo. Na mayar da roba inci 20, zirin ruwan ya ɓace tun kafin in taɓa sifana. Bakin hannun ya karkata sosai, har ana gani da ido. A murɗar farko na zarce, karkarwar ta koma sauka, sai a ta uku ta yi shiru. Na fasinja kuwa Mai Wayarin ne ya canka: shaf yana tsaye, hannun ne yake lilo, da na cire shi na ga cikin gindin ya yi sumul, garin ƙarfe ya cika tsakanin haƙoran shaf. Na goge da burushi, na mayar sama da robar gilashi da yatsu biyu, na ɗaure, kuma a gwajin bokiti bai motsa ba. Maƙwabcina ya ce in yanki gwangwanin lemo in naɗa a kan shaf domin ya ƙara kamawa, ban yi ba tukuna.

Oga Bakanike:
Madalla. Gwangwanin yana iya kai ka gida in hannu ya saki a hanya, amma kada ka ɗauki fasinja goma sha a cikin ruwan Agusta kana dogaro da shi, kuma kada kowa ya ce zai yi maka walda a wurin, domin ranar da shaf zai buƙaci fita sai an yanka. Gindin da ya riga ya yi sumul yakan riƙe na kwanaki, sannan ya sake zamewa ranar da gilashi ya fara bushewa roba ta yi nauyi. Ka nemi hannun fasinja na hannu, ka tafi da tsohon a matsayin samfuri, ka leƙa cikin ramin gindin kafin ka biya, ka tabbata bai yi sumul irin naka ba. Ka kuma sake gwada notin direba bayan kwana biyu, domin yakan ɗan saki in haƙoran sun gama zama.

Na Katsina Mai Bas:
Baba Alhaji, na gode. In za a dasa na hagun, tsohon injin waifar zai yi, ko shi ma sai an canza?

Mai Wayarin:
Wannan sai an buɗe an ga yadda mazauninsa yake, domin wani lokaci ramukan notinsa ba sa hawa ɗaya ɓangaren. In ka samu mai sayar da saitin gaba ɗaya daga mota guda, da injin da sanduna da hannuwa, ka ɗauke shi haka, kuma ka roƙe shi ya yanko maka soket ɗin da ɗan guntun wayarsa.